Nauyin Mai Sikeli

Shekara arba'in Mai Sikeli ya yi yana gyaran ma'auni a wani siririn shago da ke tsakanin tela da mai sayar da batir, talatin da biyar daga ciki kuwa da karan sigari a gefen baki ya yi su. Sikelin mahauta, na masu hatsi, na maƙeran zinariya, har wanda ake ɗora jarirai a kai, duk sun bi ta hannunsa. Yana da wani akwatin katako mai shimfiɗar koren ƙyalle, inda duwatsun awonsa na tagulla suke zaune kowanne a raminsa, tun daga masu kilo biyu har wanda bai kai ƙwayar wake ba. Ba sikelin da ke barin shagon sai an gwada shi da su. Ya sha korar mutanen da kan zo suna raɗa, wai ya ɗan taɓa musu allura yadda za ta riƙa yi musu alheri.

'Yarsa ta ƙarshe, Auta, malamar kimiyya ce a makarantar sakandare. Shi kuwa mahaifin Sufeto yake kiranta, don tun tana rarrafe ba ta ganin abu a karkace ta wuce shi. Ita ce ta ƙirga watannin tarinsa. Wata takwas cur yana tari, kuma a cikin wata takwas ɗin nan kowa a gidan ya zama likita. Umma ta ce mura ce. Maƙwabta suka ce ƙurar ƙarfe ce, ta shago. Shi da kansa ya ce tarin ya girmi Auta, tun kafin a haife ta suke tare, ba yau za a raba su ba. Aka sha zuma, aka sha lemun tsami, aka shanye kwalba bakwai ta maganin tari, kowa na cewa da sauƙi. Da sauƙin nan ita ce kalmar da Auta ta fi tsana a duniya. Ranar da ta ga jini a hankicinsa ba ta nemi shawarar kowa ba, ta tsayar da tasi a ƙofar gida, ta ce ko ya shiga ko ta zauna a bakin titi har unguwa ta taru.

Aka yi hoton ƙirji, aka sake yin wani babba, aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji. Ciwon daji ne a huhun dama.

Likitan wani mai sanƙo ne da ba ya iya bayani sai da biro. Ya juya bayan wata takarda, ya ja layi a tsakiya. A gefe ɗaya, ya ce, akwai abin da ba mai iya canzawa: irin ciwon, da inda ya kai kafin a gano shi. Wata takwas ɗin nan sun tafi, ba za su dawo ba, amma an yi sa'a bai bar ƙirji ba tukuna. Ɗaya gefen kuwa yana hannunsu. Sigari ta ƙare daga yau. Maganin ta jijiya ake ba da shi, kamar ƙarin ruwa, duk mako uku, kada a tsallake rana. A ci abinci, a taka ƙasa kullum ko da zuwa bakin titi ne, domin mai ƙarfin jiki ya fi jure magani, wanda jikinsa ke zubewa kuwa tafiyarsa ta fi wuya. Sannan duk abin da ya faru a gida, a zo a faɗa masa.

Auta ta karɓe takardar, ta kwafe ta a kan babban kwali da jan alƙalami, ta manna a falo kusa da agogo. Daga ranar gidan ya koma aji. Ta zaƙulo sigari daga cikin takalmi, daga bayan rediyo, daga cikin tukunyar da Umma ba ta girki da ita. Abin mamaki, a nan bai ba ta wahala ba: ya koma taunar tsinken sakace, yana yi wa kowa tsawa na mako biyu, shi ke nan. A wajen abinci ne aka ja daga. Ƙwai da safe, madara da hantsi, kifi da rana, ita kuma tana tsaye a kansa da hannu a ƙugu. Duk cokalin da ya rage a kwano sai ya sha lacca. In ta juya baya ta dawo ta tarar kwano fes, sai ta sa masa tauraro a kwali, irin wanda take sa wa 'yan aji ɗaya.

Ɗakin maganin yana hawa na uku. Kujeru takwas ne a jere, kowacce da sandar rataya ruwa a gefenta, ga benci a waje na masu jira, ga sikeli mai allura a bakin ƙofa. Sista, wata ƙatuwar mata mai murya kamar ta mai gwanjo, ita ke awo. Takalmi kawai take cewa a cire. Ta duba allura, ta faɗi lamba kowa na ji, ta rubuta a kati, a kai wa Likita ya danna na'urar lissafinsa. Ranar farko ta ce sittin da biyu.

A bencin nan akwai wani tsohon direban babbar mota da ya riga kowa fara zuwa, saboda haka ya naɗa kansa shugaban benci. Shi ke karanta wa sababbi dokokin wurin: wace kujera ce iska ba ta bugu, wace ma'aikaciya ce hannunta bai da zafi. Babbar dokarsa ita ce ta sikeli. Ya ce duk wanda nauyinsa ya sauka, ba a ba shi ruwa, gida ake mai da shi, wanda aka mai da gida kuwa, sai ya ɗaga yatsa ya nuna sama. Auta ta wanke shi tas a gaban jama'a, ta ce da irin wannan ilimin benci ake kashe mutane. Direba ya ce yarinya da boko sai a hankali. Mai Sikeli kuwa yana ta juya tsinkensa.

Zuwa na biyu sai ga shi cikin wani tsohon kwat mai ruwan toka, wanda ya saya shekarar da aka haifi Auta. Ya ce na'urar sanyin asibiti ta yi masa yawa. Sista ta ce sittin da biyu. Zuwa na uku ma kwat, kuma sittin da biyu. Har Likita ya yaba, ya ce ba kowa ke riƙe jikinsa haka ba. Auta ta dawo gida tana tafiya kamar ita ta ci jarrabawa.

Sai dai ido ba ya karanta kati. Agogon hannunsa da ke zama daram ya fara zamewa har tsakiyar damtse. Ta ga sabon huji a bel ɗinsa, wanda aka yi da ƙusa. Wuyan riga ya yi masa yawa. Kyanwar gidan kuwa ta yi ƙiba har ba ta iya hawa katanga. Bayan ruwa na uku maganin ya kayar da shi warwas: kwana biyar yana amai, bakinsa ya yi gyambo, mutumin da ke takawa har shago ya kasa kai ƙofar gida.

Auta ta zauna ta yi lissafi irin na malamar kimiyya. Mutum yana ramewa, lamba ba ta motsi, to sikelin ne ke ƙarya. Nan take ranta ya ɓaci. Wa ya san rabon da a gwada sikelin nan? Haka ake yi, a ajiye abu a bakin ƙofa shekara goma, kowa na hawa yana sauka, ba wanda zai tambaya, in ka tambaya a ce ka cika fitina. Ta rubuta takardar ƙorafi shafi biyu zuwa ga shugaban asibiti. Don kada a ce zargi ne kawai, ta yanke shawarar ɗauko duwatsun awon mahaifinta, ta ɗora su a kan sikelin a gaban Sista, kowa ya gani.

Ranar Asabar da safe ta ɗauki makulli ta tafi shago. Tela ya leƙo ya tambayi mai jiki, ya ce ai yana ganinsa, duk in ranar asibiti ta kusa yakan zo ya buɗe, ya yi minti goma, ya rufe. Ta shiga, ta hura ƙurar da ke kan akwatin, ta buɗe.

Ramuka biyar babu kowa a ciki. Masu kilo biyu guda biyu, masu kilo ɗaya guda biyu, da mai rabi.

Ta tsaya tana kallon koren ƙyallen. Da ta ɗaga kai, a bango, daidai saman babban sikelin da ake auna buhuna, ta ga rubutun alli da hannun da ta sani. Kwanan wata uku, lamba uku: sittin, hamsin da takwas, ta ƙarshe, wadda aka rubuta jiya-jiya, hamsin da biyar da rabi. Ba ta buƙaci biro ba. Shida da rabi ne ya rage a kai sittin da biyu, shida da rabi ne kuma babu a akwati. Ko a wajen maguɗi, Mai Sikeli bai yarda da kuskuren giram ɗaya ba.

Ta yayyaga takardar ƙorafinta ta zuba a kwandon tela.

A gida ta tarar da Umma tana guga. Ta wuce ta kai tsaye zuwa bayan ƙofar ɗaki, inda kwat ɗin ke rataye a kan ƙusar da ta lanƙwashe. Ta ɗaga shi da hannu ɗaya, saura kaɗan ya kai ta ƙasa. A ciki an ɗinka aljihuna biyar da ƙyallen tsohon labule, ɗinki mai kyau, ninki biyu, irin wanda Umma kaɗai ke yi.

Umma ba ta ko ajiye dutsen guga ba. Ta ce shi ya roƙe ta, kuma ita ba ta ga abin tayar da jijiyar wuya ba, mutum ya sa kayansa a aljihunsa.

"Ƙarfe ne fa, Auta, ba guba ba."

"Umma, lambar da Sista ke faɗa, me kike tsammani Likita yake yi da ita?"

Umma ta ce rubutawa yake yi mana. Auta ta ce lissafi yake yi. Da nauyin mutum ake auna yawan maganin da za a zuba masa. An yi ta ba mai kilo hamsin da wani abu maganin mai kilo sittin da biyu, kuma an ga kamar jikinsa na riƙe, ba wanda ya nemi dalilin da ya sa ba ya cin abinci. Ranar Talata za a sake. Umma ta dubi ƙofar ɗakin da ya kwana biyar yana amai, ta zare wayar dutsen guga, ta zauna a bakin gado.

Shi yana baranda a kujerarsa ta roba, kyanwa na kwance a ƙafarsa. Auta ta ajiye kwat ɗin a gabansa, ya bugi siminti da ƙara. Ya dube shi, ya dube ta, ya ce ashe Sufeto ta kai samame.

Ta fara. Ta kawo wata takwas, ta kawo kwalba bakwai, ta kawo direba da yatsansa. Ta ce shi da ya kori mutane daga shago saboda allura, yau shi ne da aljihu biyar. Ya bar ta ta yi har numfashinta ya ƙare. Sannan ya cire tsinke daga baki, ya ce waɗancan wasu suke cuta, shi kuwa bai tauye mudun kowa ba. Ya ce abinci ya daina zama abinci, duk abin da ya sa a baki ɗanɗanon tagulla yake yi, ƙwai kuwa ko warinsa ya ji sai cikinsa ya juya. Ta tambaye shi me ya hana shi faɗa.

"Wa zan faɗa wa? Likita dai cewa zai yi in koma gida. Ke kuwa tsayawa za ki yi a kaina, ki dube ni yadda kike duban ɗalibin da ya faɗi." Ya shafa bayan kyanwar da ƙafa. "Taurarin nan naki, rabi na wannan baiwar Allah ne."

Auta ta daɗe tana kallon wuyan hannunsa. Da ta yi magana, muryarta ta sauka, amma ba ta janye ba: ranar Talata, ko ya cire su da hannunsa, ko ta cire masa a gaban Sista. Ya ce ya ji. Ta shiga falo ta ɓamɓare kwalin, har da ɗan fentin bango.

Ranar Talata ya fito da kwat. Auta ta cije leɓe. Sai yanzu ta lura da yadda yake hawa matakala, yana rangaji kamar agwagwa, yana hutawa a kowane hawa, marar lafiya da kayan shago a ƙirji. Bencin ya cika. Sista ta kira shi, ya cire takalmi, ya hau.

"Sittin da biyu," in ji Sista, ta kai biro kan kati.

"Dakata, 'yata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya sa hannu a ƙirji ya zaro mai kilo biyu, ya ajiye a kan teburinta. Allura ta sauka. Ya zaro na biyu. Ya bi da masu kilo ɗaya, ya jera su bisa girma kamar yadda ya saba, mai rabi a ƙarshe. Sannan ya tuɓe kwat ɗin kansa ya miƙa wa Auta. Benci ya yi tsit, sai wata tsohuwa da ke ƙirgawa a fili. Sista ta dubi tagullar, ta dubi allura, ta ce ta ga mai ɓoye makullai, ta ga mai waya biyu, ta taɓa ganin mai dutse a hula, amma ba ta taɓa ganin wanda ya taho da shago sukutum ba. Ta faɗi hamsin da biyar, a karon farko da ƙaramar murya. Can a ƙarshen benci aka ji wani ƙarfe ya taɓa ƙasa. Shugaban benci ne ya zaro sifana daga ƙugunsa, yana tura ta ƙarƙashin kujera da dunduniya, idonsa na kan silin.

Likita bai yi dariya sosai ba. Ya saurari labarin, ya duba sakamakon jini, ya leƙa bakin da fitila, ya danna na'urarsa, ya sake dannawa. Ya ce yau babu ruwa, jinin ya yi ƙasa, a koma gida sai mako mai zuwa. Auta ta ga kafaɗun mahaifinta sun faɗi, abin da ya yi wa dakon tagulla ne ya same shi. Amma Likita ya ci gaba: da an zuba masa na yau a kan tsohuwar lamba, mai yiwuwa da ba gida zai koma ba, gadon asibiti zai hau, kuma jinkirin ya fi mako nesa ba kusa ba. Ya ce ba zai ɓoye musu ba, ramar nan ba alama ce mai daɗi ba, kuma ba shi da alkawarin da zai yi wa kowa. Abin da ya sani shi ne yanzu zai yi wa mutumin da ke gabansa magani, ba wani ƙato da babu shi ba. Ya rage yawan maganin, ya rubuta na amai da na kurkure baki, ya tura su ɗakin da ke ƙasa wajen mai ba da shawara kan abinci.

Ita wannan wata siririyar mata ce da ba ta gaggawa. Ta ce a bar cika kwano. Kaɗan-kaɗan, sau shida ko bakwai a rana, abin da ya huce ya fi mai tururi, in ƙarfe yake ji a baki a gwada cokalin roba, kuma abin da ransa ya so shi za a ba shi, ba abin da littafi ya so ba. Sannan ta dubi Auta ta saman tabarau, ta ce a ajiye abinci a fita daga ɗakin.

Wannan makon shi ne mafi tsawo a rayuwar Auta. Ta ajiye ɗan kofin madara mai sanyi, ta fita, ta tsaya a bayan ƙofa tana ƙirga fale-falen silin. Sau biyu Umma na kama ta tana leƙe ta jikin labule, ta ja ta kicin ta ba ta albasa ta yanka. Wata rana ya sha rabi. Wata rana bai taɓa ba, ta ɗauke kofin ta haɗiye laccar da ta taso mata har maƙogwaro. Ranar Juma'a ya ce yana marmarin ayaba da gyaɗa, abin da ba ya cikin kowane jadawali, Umma ta fita da takalmi wari-da-wari ta sayo. Ranar Lahadi ya taka har bakin titi ya dawo, ya zauna yana haki yana zagin matakalar gidansa.

Talata ta zagayo. Ya hau sikeli da riga ɗaya, ƙasusuwan kafaɗarsa a fili. Allura ta yi rawa tsakanin lamba biyu. Sista ta karkata kai, ta ce hamsin da shida.

Mai Sikeli ya sunkuya ya dubi allurar da kyau.

"Da saura. Hamsin da biyar da rabi. Rubuta abin da kika gani."

Ta rubuta. Aka kai kati ciki tare da sakamakon jini. Auta ta zauna a benci, hannunta cikin na Umma, ba ta san lokacin da ta kama shi ba. Minti ashirin ƙofar na rufe. Da ta buɗe, Sista ce ta fito da jakar ruwa a hannu, ta nuna kujera ta uku da haɓa.

Ya zauna, ya naɗe hannun riga. Sista ta kama hannun hagu tana neman jijiya, ya janye shi a hankali ya miƙa mata na dama.

"Wancan ya gaji," ya ce. "Gwada wannan."